Memwar a Damagaram, sitaj a waje: ina kuɗin za su fito?

Rakiya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ce Rakiya, ƴar shekara ta uku a sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar André Salifou. Bana nake fatan gama lisansi, kuma abu biyu ne suka hana ni barci. Na farko memwar, wato kundin binciken kammala karatu. Ina son in rubuta a kan gwagwarmayar matan Nijar, tun daga tattakin 13 ga Mayu 1991 har zuwa dokar kota, wadda ta ware wa mata kaso a kujerun mulki. Malamin da ke duba ni bai ƙi ba, amma ya ce in je in rage. Na biyu sitaj, wato zaman koyon aiki. Raina ya kwanta a kan in yi wata biyu a wata ƙungiyar mata a waje, Dakar nake hange, in Allah ya buɗa ma har Turai. Abin da ke hannuna jika tamanin ne, na adashe da ribar turaren wutar da nake sayar wa ƴan'uwana ɗalibai. Baba bai san da zancen tafiyar ba tukuna. Wa ke ba da tallafin irin wannan? Ta ina ake farawa?

Ibro: Wa alaikumus salam. Jika tamanin da Turai? Ƙanwata, kuɗin nan za su kai ki Yamai su dawo da ke, har ki yo mana tsarabar kilishi.

Habsu: Ibro, kai dai ba ka girma. Rakiya, kyale shi. Ni na yi sutunans, wato kare memwar a gaban malamai, shekara huɗu da suka wuce, bari in fara da memwar, don a nan kika fi kusa da rami. Daga 1991 zuwa gyaran ƙarshe na dokar kota shekara ashirin da takwas ce. Dokar ta fito a watan Yuni 2000 da kashi 10 cikin 100 a kujerun zaɓe, kashi 25 a naɗe-naɗe. A 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa 15, a 2019 aka kai shi 25, na naɗi kuma 30. Kowace gaɓa a nan littafi ce sukutum. Ke da kike da wata biyar ko shida da shafi arba'in ko hamsin, ina za ki zuba duk wannan? Malaminki gaskiya ya gaya miki.

Da ni ce, ga abin da zan yi. In nemi matan da suka zama konseye, wato ƴan majalisar gunduma, a nan Damagaram da Mirya a zaɓen Disamba 2020, in tambaye su abu ɗaya: yaya aka yi sunanki ya hau jerin jam'iyya, kuma da kika shiga zauren, wa ke saurarenki? Tun da aka rushe majalisun gundumomi a watan Afrilu 2024 suna gida, suna da lokaci, kuma bakinsu ya fi sakewa fiye da lokacin da suke kan kujera. Mata goma sha biyu zuwa sha biyar sun ishe ki. Kuɗin kabu-kabu da na motar Mirya ne kawai.

Rakiya: Yaya Habsu, na gode. Amma in na yi haka, 13 ga Mayu fa? Ita ce ta ja ni cikin batun tun farko.

Inna Zainabu: Ƴata, tunda kin ambaci ranar, bari tsohuwa ta sa baki. Jikata ce ke buga mini, ni ina faɗa. Ina Yamai a lokacin, ina koyarwa a wata firamare. An kafa kwamitin da zai shirya babban taron ƙasa, aka cika shi da maza, mace ɗaya tak a ciki. Shi ne muka fito. Kin san zafin Mayu. Silifas ɗina ya tsinke tun ba mu yi nisa ba, na ɗaure shi da bakin kallabi, ga goyon ɗana na uku a baya. Wata mai sayar da ruwa ta bi mu da tulunta tana ba mu a kyauta, ita ba ta ma san me ake nema ba, ta ce dai ta ga mata sun yi yawa a rana. Ba mu watse ba sai da aka yarda za a ƙara mana kujeru. Taron ya buɗe a ƙarshen Yuli, ya kai farkon Nuwamba, kuma wanda ya shugabance shi shi ne mutumin da jami'arku ke ɗauke da sunansa.

Amma kada ki rubuta cewa daga ranar aka fara. Kafin mu akwai AFN, ƙungiyar matan Nijar, wadda aka kafa a 1975 zamanin Kunce. Ta gwamnati ce, gaskiya, ana kiran mu mu yi anko mu yi guɗa in baƙo ya zo. Sai dai a cikinta da yawa muka koyi tsayawa gaban jama'a mu yi magana. Kuma kafin AFN ɗin akwai uwata, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ita ke tara matan unguwarmu a Birni su je ƙofar mai unguwa a kan maganar ruwa. Ku ƴan boko wannan ba ku kiran sa gwagwarmaya, sai wadda ta riƙe allo da rubutun Faransanci.

Habsu: Inna, Allah ya ƙara girma. Rakiya, kin ga babinki na farko ya zo har gida.

Sanusi: Gaisuwa daga Dakar. Ina shekara ta biyu ta masta a nan, bari in faɗi abin da na gani game da kuɗi, don kada ki ɓata wata uku kina cika dosiye a banza. CODESRIA, cibiyar binciken zamantakewa ta Afirka, tana nan Dakar, an san ta da taimaka wa masu rubuta kundi, amma masu masta da dakta take dubawa, ba ƴan lisansi ba. AWDF, asusun tallafa wa matan Afirka da ke Akara, kuɗin mata ne zalla, sai dai ƙungiyoyi take ba, ba ɗaliba ita kaɗai ba. Yawancin manyan sunayen da za ki gani a intanet haka suke. Kuma tun da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, ƙungiyoyi da dama ma'aikatansu ma suke sallama, balle su ɗauki nauyin ƴar sitaj. Turai kuwa ki ajiye ta gefe bana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Kuma yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ki lissafa jika tamanin ɗinki, ba ta wuce yuro ɗari da ashirin da ƴan kai ba.

Duk da haka ni ina cewa ki zo Dakar. Ba ki buƙatar biza, kuɗinmu ɗaya ne, Faransancin da kika iya ya ishe ki. AFARD, ƙungiyar matan Afirka masu bincike, tun 1977 take, kuma a nan mazauninta yake. Senegal ta yi dokar raba daidai tsakanin maza da mata a jerin ƴan takara tun 2010. Ki zo ki ga majalisar da mata suka haura kashi 40 cikin 100, sannan ki koma ki dubi kashi 25 ɗinmu. Gani ya kori ji. Ni sai da na bar Damagaram na fara ganin Damagaram.

Habsu: Sanusi, faɗa mata kuɗin ɗaki.

Sanusi: Mu huɗu ne a ɗaki, kowa jika talatin da biyar a wata, ban da wuta. Abinci da mota kuma daban.

Habsu: To ka gani. Ban da jirgi, ko kwanakin da za ta yi a mota ta Burkina da Mali a halin da hanya take yanzu. Ni tambayata, me zai sa a tsallake Kano a tafi Dakar? Kano ma ƙasar waje ce, da tutarta da kuɗinta da dokarta. Daga nan ba ta kai kilomita 250 ba. Ki bi ta Matamaye, Ɗan Barto, Kongolam, Daura, ki karya kumallo a gida ki yi la'asar a Fagge. Iyaka a buɗe take tun Maris 2024. Akwai gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da yanzu yake cibiyar nazari ƙarƙashin Jami'ar Bayero. A can za ki ji tarihin matan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya da ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Akwai FOMWAN, ta mata Musulmi, tun 1985. Duk hirar da za ki yi da Hausa za ki yi ta, ba tafinta.

Ga kuma abin da ya fi ba ni sha'awa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata tun 2004, amma har yau ba ta da dokar kota, a Maris 2022 ma majalisarsu ta yi watsi da ƙudurorin da mata suka kai. Mu kuma muna da kota tun 2000, amma majalisarmu ta ƙi Maputo a 2006. Hausawa ɗaya, addini ɗaya, aure tsakani, sai ga hanya ta rabu. Me ya sa? Wannan tambaya ce da babu wanda zai amsa miki ita a Dakar.

Sanusi: Yaya Habsu, wannan tambayar masta ce, ke da kanki kika ce ta rage. Kuma takardar sitaj daga Dakar ta fi nauyi a dosiye in za ta nemi burs, wato tallafin karatu, gobe. Kano kowa na zuwa sarin atamfa.

Habsu: Masu sarin atamfa ba su shiga ɗakin karatu. Ban ce ta amsa tambayar bana ba, na ce ta je ta gano ta.

Malam Usman: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma akwai abin da kowa ya tsallake. Yarinyar nan ta ce mahaifinta bai sani ba, ku kuma kuna ta zaɓa mata gari. Budurwa ta yi wata biyu a wata ƙasa ba muharrami, a ɗakin haya, wannan ba ƙaramar magana ba ce a gidajenmu. Na biyu, ƴata, ki san wa zai ba ki kuɗi da abin da yake so. Mun ga rigimar kundin dokar iyali tun shekarun 1990, an sake tayar da ita a 2011, duk ta mutu, saboda jama'a sun ga kamar daga waje aka ɗinko rigar aka ce mu sa. Mai ba ka kuɗin bincike yakan ba ka har da amsar da yake son ji. In ilimin mata kike nema, Nana Asma'u ƴar Shehu ta tsara ƴan taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, tun kafin Bature ya mulki ƙasar nan.

Inna Zainabu: Malam, maganar mahaifi na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma ta rigar waje, a yi mini afuwa. Ranar da silifas ɗina ya tsinke babu Baturen da ya ba ni dala. Da abin sallata a jaka na fita, kuma na yi azahar a bakin titi. Matar da aka sako da ƴaƴa biyar ba ko tiya ɗaya ta hatsi, ba daga Faransa aka aiko ta ba, maƙwabciyata ce. In an ƙi waccan dokar, to ku malamai ku kawo wadda ta dace da shari'a ku tsaya a kanta. Shekara talatin muna jira.

Malam Usman: Hajiya, haƙƙin wadda aka saka yana cikin littafi, rashin aiki da shi ne ciwon. A nan ba mu saɓa ba.

Rakiya: Malam, na ji kuma na karɓa. Ba ɓoye wa Baba nake ba, so nake in je masa da magana mai kai da ƙafa. Kuma zan sa matan makarantun Islamiyya cikin waɗanda zan yi hira da su, don biyu daga cikin tsofaffin konseye da na sani daga can suka fito.

Fatsuma: Ni ban iya dogon bayani ba, gargaɗi kawai zan yi. Bara wani ya turo sanarwa a WhatsApp, wai sitaj na wata uku a Beljiyam ga ƴan mata masu kishin haƙƙin mata, jirgi da masauki duk kyauta. Takarda da tambari, da hoton wata Baturiya tana dariya. Na cika, bayan kwana huɗu aka ce an zaɓe ni cikin mutum dubu. Sai kuɗin buɗe dosiye jika ashirin da biyar. Sai na inshora jika sittin. Sai na wai tabbatar da biza jika sittin da biyar. Na sayar da ɗan kunnena na zinare, wanda kakata ta bar mini. Ranar da na ce su ba ni lambar ofis in kira, hoton ya ɓace, lambar ta daina shiga. Har yau innata ta ɗauka ɗan kunnen yana wurin gyara. Duk wanda ya ce ki biya kafin ya taimake ki, ki rufe wayarki.

Ibro: Subhanallahi. Fatsuma, Allah ya mayar da alheri. Yau na yi shiru.

Mushe Lawali: Na makara, ina aji. Rakiya, ki ɗauko takarda biyu, kada ki haɗa su. Ɗaya ta memwar, ɗaya ta sitaj. Ta memwar dole ce, ba ita ba lisansi. Ta sitaj a waje nafila ce. Jika tamanin ɗinki ta memwar ce, kada ki taɓa ta don tafiya.

Abin da ke cinye ɗalibai ba kuɗin mota ba ne, rubuta hira ne. Hirar awa ɗaya da Hausa, kafin ki saurare ta, ki rubuta, ki juya ta Faransanci, ta ci miki awa biyar ko shida. Mata goma sha biyar, ki lissafa da kanki, ga yanke wuta, ga darasi. Saboda haka duk hirar da kika yi da safe, ki rubuta ta kafin ki kwanta. Ki ajiye sautin wuri biyu. Ina da ɗalibar da wayarta ta faɗa randa da hira tara a ciki, ta zo tana kuka kamar an yi mata rasuwa. Ki ware kuɗin bugawa da ɗinke kofin alƙalan sutunans tun yau, ki sa a ambulan ki ba innarki ta ɓoye, don a ƙarshe ne aljihu yake bushewa.

Kafin ki shiga gidan kowa, ki karɓi takardar izinin bincike daga sashenku, ki gaida mai unguwa, ki gaida mai gida. Ki gaya wa kowace mace abin da za ki yi da maganarta, ki canza sunanta a rubutu. Wadda za ta gaya miki yadda shugaban jam'iyya ya sa sunanta don cike gurbi kawai, gobe a gari ɗaya za su kwana. Kada kuma ki bari damina ta same ki, matan Mirya suna gona ba mai zama da ke.

Karatu kuwa, rahotannin LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai, suna intanet kyauta, akwai masu yawa a kan mulkin gundumomi da matsayin mata a ciki. In kin samu zuwa Yamai, ki nemi jaridun Le Sahel da Haské na watan Mayu 1991 ki ga yadda kowace ta ba da labarin ranar, ta gwamnati da mai zaman kanta, sannan ki gwada da abin da Hajiya ta gaya miki.

Na sitaj, ba a fara da neman kuɗi. Ana fara da neman wadda za ta karɓe ki. Wasiƙa shafi ɗaya: ga ni, ga abin da nake bincike, ga abin da na iya, ga kwanakin da nake so. In sun amsa, sai a yi yarjejeniyar sitaj tsakanin jami'a da su, da sa hannu da hatimi. Da wannan takardar ake zuwa wurin Baba, da ita ake zuwa wurin mai taimako. Fasfo da katin rigakafin shawara kuma ki nema tun yanzu. Mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, a Janairu 2025, duk da an ce zirga-zirga na nan yadda take, gara takardunki su cika kafin ki isa shinge.

Habsu: In ƙara a kan na Mushe: ni da aikin anketa na biya tawa. Furoje-furoje kan ɗauki ɗalibai su bi gidaje da tambayoyi, ana biya a kwana. Sun ragu, amma ba su ƙare ba. Kwana goma sha biyu na yi a ƙauyukan Magarya, na dawo baƙa wuluk da kuɗin bugawa a hannu. Ki kai sunanki wurare uku ko huɗu, ki ce kin iya aiki da tablet.

Inna Zainabu: Mu ma muna da asusu. Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi aka fara ta a 1991, shekarar tattakinmu, yau har wasu ƙasashe sun kwaikwaya. Tamu mu ashirin da biyar ce, kowace Laraba muke zubi, akwati da kwaɗo uku, mabuɗi a hannun mutum uku. Jikar ɗaya daga cikinmu da rancen akwatin nan ta yi karatun ungozoma. In innarki tana cikin wata, ta karɓar miki.

Sanusi: Inna, da girmamawa, ni ban son ta ci bashi don sitaj da ba a biya. In ta dawo da me za ta mayar? Da turaren wuta?

Inna Zainabu: Da turaren wuta mana. Da me kake tsammani muka biya naku karatun?

Rakiya: Salamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Malamina ya sa hannu a kan sabon take: tsofaffin konseye mata na Damagaram da Mirya, 2020 zuwa 2024. Ya ce 13 ga Mayu ta shiga gabatarwa, shafi huɗu, kada ta wuce. Na tura wasiƙa wuri biyar a Kano, biyu a Dakar. Ɗaya ta Kano ta amsa, sun ce wata ɗaya, ba biya, amma za su ba ni tebur kuma in bi su fita unguwanni. Na kai wa Baba da Inna a gefena. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce Dakar ko a mafarki, Kano kuwa sai in a gidan Gwaggo Hadiza zan sauka, kuma Yaya Mamman ne zai kai ni ya ɗauko ni. Ambulan ɗin bugawa yana ƙasan akwatin Inna da jika talatin a ciki. Saura kuɗin mota da na cefanen da zan riƙa wa Gwaggo, don ba zan zauna mata wata guda hannu rabbana ba.

Sanusi: Hangen Dala dai ya zama shiga birni. Na sallama bana. Amma masta a nan za ki yi ta, na rubuta na ajiye.

Malam Usman: Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Ki gaida mahaifinki.

Ibro: Ni na sa jika biyu a kuɗin mota. Yaya Habsu ta riƙe, kada a ba ni ajiya.

Habsu: Na karɓa. Mai niyya ya same ni ta gefe, zan rufe ranar Juma'a.

Inna Zainabu: Rakiya, ki zo Alhamis bayan la'asar, Laraba muna zubi. Ki cika wayarki da caji, don in na fara ba na tsayawa. Akwai wasu biyu da muka yi tattakin tare, ɗaya tana Zango, ɗaya ta koma Mirya wurin ɗanta, kunnenta ya yi nauyi sai kin ɗaga murya. Zan sa a nemo mini zanen 13 ga Mayu na farko da na saya, yana cikin adaka in asu bai cinye shi ba. Ki taho mini da turaren nan naki na dala ɗari, in ji ko ya kai a ci bashi a kansa.